Jirgin ƙasa a kan tebur, tarkace a ƙarƙashi

Layin dogon Togo bai taɓa isowa Sokode ba, balle Dapaong. Jamusawa ne suka ja shi daga Lome zuwa Atakpame, Faransawa suka kai shi Blitta a shekarun 1930, nan ya tsaya. Shi ya sa in darasi ya zo kan jirgin ƙasa, 'yan ajina sai su yi zuru. Sai muka haɗa namu a kan tsohon tebur: taragu na gwangwanin madara, ƙafafu na marfin kwalba, dogo na karan dawa.

Saman teburin gwanin sha'awa, matsalar tana ƙarƙashi. Kwali, guntun waya, takalmin da aka manta, duk can ake cusawa. A Sokode damina ta jiƙa kwali, gara ta biyo. Wani abokin aikina a Dapaong ya ce su ƙurar hunturu ke binne musu kaya, kunama kuma ta samu ɗaki. Yaro ne fa zai zura hannu ba ya gani!

Yanzu ba abin da ke taɓa ƙasa. Mun jera bulo, muka ɗora katako, kaya kuma suna cikin bokitan fenti masu murfi, kowanne da sunan abin da ke ciki. Na hana sa labule, don shi ke ɓoye ƙazanta. Ranar Juma'a yara biyu kan fito da komai su share.

Takarda mai aya ko sunan Allah kuwa ba ta shiga inda ƙafafu ke kaiwa. Tana saman kabad.