Masu Rubuta Jagorar Linux: Aikin Sa-kai da Ya Dace da Zariya

A Kwalejin Fasahar Jiragen Sama da ke Palladan, wadda aka kafa a 1964, abin da ake fara cusa wa mai koyon gyaran jirgi shi ne kada ya dogara da haddarsa. Ko noti ɗaya zai ɗaure, sai ya duba littafin da kamfanin jirgin ya rubuta, ya ga iya ƙarfin da aka ce a ɗaure shi, sannan ya rubuta abin da ya yi ya sa hannu. Haka dokar sana'ar take a ko'ina. Kamfanonin jirage albashi suke biyan masu tsara waɗannan littattafai. Amma akwai wata fasaha da duniya ta jingina da ita a yau, wadda da yawa daga littattafan jagorarta masu aikin sa-kai ne suka rubuta su, bayan sun tashi daga wurin neman abincinsu. Ita ce Linux.

Kowace kwamfuta ko wayar zamani tana da babbar manhaja da ke tafiyar da ita, mai raba aiki tsakanin allo da ma'ajiya da sauran sassa. Windows ta kamfanin Microsoft ce, kuma umarnin da aka gina ta da shi a kulle yake. Linux kuwa, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, a buɗe take. Kowa na da damar karanta ta, ya gyara, ya raba wa wasu, bisa lasisin GPL na shirin GNU da Richard Stallman ya ƙaddamar a 1983. Wayoyin Android da suka cika aljihunan mutanen Samaru da Sabon Gari a kanta aka ɗora su. Tun watan Nuwamba na 2017, duk kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya da ita suke aiki.

Sai dai buɗe manhaja ba ya wadatar da wanda bai san yadda zai yi da ita ba. Rashin sani ya fi dare duhu. Magabatan wannan fanni sun gane haka da wuri. A 1971 Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fitar da littafin jagorar Unix, manhajar da Linux ta bi sawunta, kuma tsarin da suka shimfiɗa yana nan har gobe. Kowane umarni yana da takardarsa: sunansa, yadda ake rubuta shi, abin da yake yi, sannan sauran takardun da suka danganci shi, har da sashen da ake faɗin kurakuran da aka sani ba ɓoye-ɓoye. An kasa takardun kashi-kashi da lamba: na 1 umarnin mai amfani, na 5 tsarin fayiloli, na 8 aikin mai kula da na'ura. A 1992 Matt Welsh da abokansa suka kafa shirin tattara jagororin Linux, Linux Documentation Project. Daga baya kowane reshen Linux, irin su Debian da Arch Linux da Ubuntu, ya yi nasa. Debian, da aka fara a 1993, tana da littafin da Raphaël Hertzog da Roland Mas suka rubuta, aka sake shi kyauta a 2012, masu sa-kai suka yi ta fassara shi. Kundin ArchWiki kuwa ya yi suna har waɗanda ba su amfani da Arch Linux suna komawa gare shi.

Aikin ya wuce zuba bayani a takarda. Mai rubutun zai gwada kowane mataki a kan na'ura kafin ya rubuta shi, wani kuma ya bi bayansa ya sake gwadawa. In sabuwar siga ta fito, dole a koma a duba, domin tsohon bayani ya fi rashin bayani haɗari: umarni ɗaya na kuskure wajen raba ma'ajiya yana iya shafe aikin digirin ɗalibi gaba ɗaya. Sannan akwai tsarawa. Daniele Procida, wanda kamfanin Canonical mai Ubuntu ya ɗauki tsarinsa, ya kasa jagora gida huɗu: darasin sabon shiga, matakan warware wata matsala, kundin da gwani ke leƙawa ya tabbatar da abu, da bayanin dalilin da ya sa abu yake yadda yake. In aka cakuɗa su, sabon shiga ya ruɗe, gwani kuma ya ɓata lokaci.

Duk da haka masu yi kaɗan ne. A binciken da GitHub, dandalin masu rubuta manhaja, ya gudanar a 2017, kashi 93 cikin ɗari na waɗanda suka amsa sun koka da jagora maras cika ko wadda ta tsufa, amma kashi 60 na masu ba da gudummawa sun ce da wuya su taɓa aikin rubuta ta. Mai ƙirƙirar sabuwar manhaja ake yabo, mai bayaninta ba a cika tunawa da shi ba.

In masu jin Turanci na kuka, ina ga mai Hausa? A tsakiyar shekarun 2000 kamfanin Leapsoft ya fitar da Wazobia Linux da Hausa da Yarbanci da Ibo, amma aikin bai ɗore ba. Ko da an fassara maɓallan allo, mutum yana bukatar wanda zai yi masa bayanin abin da zai yi in na'ura ta ƙi tashi. Yaran da ke gyaran waya a PZ da kasuwar Sabon Gari suna yi wa Android filashin kullum, da iliminsu na kallon hannun maigida da bidiyon da ba da harshensu aka yi ba. Hazaƙa ba ta yi musu ƙaranci ba. Rubutaccen bayanin da za su koma gare shi ne babu.

Wannan aiki ba baƙo ba ne a Zariya. Nan Hukumar Talifi ta zauna, nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, nan aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. Rupert East da Abubakar Imam sun rubuta Ikon Allah don bayyana kimiyyar halittu da Hausa. A Samaru, cibiyar NAERLS ta daɗe tana mayar da binciken masana aikin gona ƙananan littattafai da shirye-shiryen rediyo da manomi zai fahimta. A harabar Jami'ar Ahmadu Bello ɗaya akwai masu nazarin kwamfuta, da cibiyar kwamfuta ta Iya Abubakar, da Sashen Harsuna da Al'adun Afirka, da masu koyon aikin laburare, waɗanda sana'arsu ita ce jera ilimi yadda za a same shi. Editocin Wikipedia ta Hausa kuma sun nuna cewa matasanmu na iya yin rubutun sa-kai su dage a kai.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ɗalibin kwamfuta ya gwada umarni, ɗalibar Hausa ta daidaita jimla da ƙa'idar rubutu, mai laburare ya tsara babi da fihirisa, sannan a kai wa mai gyara a Sabon Gari ya bi matakan. Duk inda ya tsaya, nan rubutun ke da gyara. Lasisin akasarin waɗannan jagorori ya halatta fassara da bugawa, ba sai an nemi izinin kowa ba. A fara da kaɗan: yadda ake ɗora Linux a tsohuwar laftof, yadda ake adana fayiloli kafin a taɓa ma'ajiya, da jerin kalmomin da kowa zai bi don kada a rarrabu. Malamai kuma su karɓi irin wannan a matsayin aikin kammala karatu, da sharaɗin ajin da ke biye ya gaji kula da shi, domin jagorar da ba mai sabunta ta ba ta daɗewa tana amfani.