Yaƙin Ƙwaƙwalwar Waya: Yadda Intel Ya Rasa Kasuwa, MediaTek Ya Cika Aljihun Jama'a

Duk wanda ya je sayen waya a Farm Centre ta Kano, tambayoyin da zai fi ji su ne: giga nawa ce, kyamararta nawa, batir ɗinta yana riƙe caji? Ba kasafai ake tambayar furosesa ba, wato ɗan guntun da bai fi farcen ɗan yatsa girma ba wanda shi ne ƙwaƙwalwar wayar. Amma shi ke yanke hukuncin ko waya za ta riƙa tsayawa ana tsakiyar wasa, ko za ta ɗauki zafi a hannu, ko cajinta zai kai dare. A kan wannan ɗan guntu ne manyan kamfanonin duniya suka shafe kusan shekara talatin suna gwabzawa, kuma wanda aka zata zai yi nasara shi ne ya fara faɗuwa.

Tun kafin wayar zamani

Rigimar ta girmi Android da iPhone. A 1996 kamfanin Palm ya fitar da Pilot, 'yar kwamfutar hannu da ake ajiye lambobi da jadawalin aiki a cikinta, ana taɓa allonta da ɗan tsinke. Furosesarta DragonBall ce ta Motorola, mai gudun megahaz 16 kacal. A shekarar 2000 sai Compaq ya kawo iPAQ, mai ɗauke da StrongARM na Intel da ke gudun megahaz 206. Da Palm ya ga an wuce shi, sai ya koma tsarin ARM a 2002, ya sa furosesar OMAP ta Texas Instruments a cikin Tungsten T. A shekarar ce kuma Intel ya fito da XScale.

Tun a lokacin aka gane cewa dokar na'urar hannu daban take da ta kwamfutar tebur. Ta tebur tana jone da wuta, tana da fanka mai sanyaya ta. Ta hannu kuwa batir ɗaya ne da ita, ba ta da fanka. Don haka gudu kaɗai bai isa ba, sai an duba yawan aikin da furosesa za ta yi da 'yar wutar da ta ci. A nan tsarin ARM ya yi fice. ARM kamfani ne da ke Cambridge a Ingila, ba ya ƙera furosesa da kansa. Zane yake yi, ya ba wasu lasisi su gina a kai.

Kuskuren da ya ci Intel

A 2006 Intel ya sayar wa Marvell sashensa na XScale a kan dala miliyan 600, domin ya mai da hankali kan furosesar kwamfuta, inda ribar ta fi tsoka. Shekara ɗaya bayan haka iPhone ta fito, da furosesar ARM da Samsung ya ƙera. Shugaban Intel na wancan lokaci, Paul Otellini, ya amsa a 2013 cewa sun samu damar ƙera wa iPhone furosesa amma suka ƙi, saboda suna ganin farashin da Apple ya taya bai kai ba, kuma ba su yi zaton za a sayi wayar da yawa haka ba.

Daga baya Intel ya yi yunƙurin dawowa da furosesar Atom, har wasu wayoyin Asus ZenFone suka yi amfani da ita. Amma bakin alƙalami ya riga ya bushe, don masu rubuta manhajoji sun saba da ARM. A 2016 ya soke shirin, a 2019 kuma ya sayar wa Apple sashensa na modem ɗin waya a kan dala biliyan 1. Texas Instruments ma ya janye daga kasuwar wayoyi tun 2012.

Waɗanda suka rage a fage

Qualcomm na Amurka ya ci gaba ne saboda ƙarfinsa a fasahar sadarwa: yana haɗa furosesa da modem a guntu ɗaya, wato Snapdragon. Wayar Android ta farko, HTC Dream ta 2008, da guntun Qualcomm ta fito. Shi ma ya taɓa tuntuɓe: a 2015 aka yi ta kuka da zafin Snapdragon 810, Samsung kuma ya sa Exynos nasa a cikin Galaxy S6. Apple ya zaɓi zana tasa da kansa, ya fara da A4 a 2010, sannan a 2013 ya girgiza abokan hamayya da A7, furosesa mai bit 64 ta farko a wayar hannu.

MediaTek na Taiwan kuwa ta ƙasa ya biyo. Maimakon ya sayar da guntu kawai, sai ya riƙa haɗa shi da manhaja da cikakken zanen allon waya, ta yadda ƙaramin kamfani a Shenzhen zai sa akwati da batir kawai ya kai kasuwa. Da yawa daga wayoyin nan 'yan Chaina masu sim biyu da lasifika mai ƙara, da suka cika kasuwanninmu a baya, a kan guntunsa aka gina su. A 2020 ya wuce Qualcomm a yawan guntayen wayar da ake sayarwa. Yau akasarin wayoyin Tecno da Infinix da itel na kamfanin Transsion suna ɗauke ne da Helio ko Dimensity na MediaTek, ko kuma Unisoc na Sin a masu araha.

Akwai kuma siyasa a ciki. Apple da MediaTek da Qualcomm ba su da masana'antar ƙera guntun. Galibi TSMC na Taiwan ke ƙera musu. Da Amurka ta hana TSMC yi wa Huawei aiki a 2020, furosesar Kirin ta tsaya cak, sai a 2023 ta dawo cikin Mate 60 Pro, wannan karon ƙirar Sin.

Abin da ya shafi mai saye

Wannan gasa ce ta sa wayar da talaka zai iya saya a yau ta fi manyan wayoyin shekara goma da suka wuce ƙarfi. Amma ta kuma buɗe ƙofar ruɗani. Akan saki sabuwar waya da sabon suna alhali tsohuwar furosesa ce a ciki, a ɓoye hakan da babban adadin RAM, wanda wani lokaci an haɗa ne har da na aro daga ma'ajiyar waya. Sunan Snapdragon kaɗai ma ba shaida ba ne, domin jerin 4 ba ɗaya yake da jerin 8 ba, kamar yadda Helio ba ta kai manyan Dimensity ba.

Kafin a miƙa kuɗi, a nemi cikakken sunan furosesar, a duba shekarar da ta fito da kuma nanomita nawa ce. Galibi ƙaramar lamba na nufin ƙarancin zafi da cin batir. Manhaja irin CPU-Z za ta nuna wannan cikin daƙiƙa kaɗan, tun mai saye yana tsaye a gaban shago.