ISHARA DA SHAWARA, 'YAN GIDA ƊAYA

Wata rana a makarantarmu aka kawo mana ƙarar wani yaro ɗan aji huɗu, wai ya zagi abokinsa. Da muka tambaye shi, sai ya ce, "Malam, ko bakina ban buɗe ba." Gaskiya ya faɗa. Bai ce kome ba, sai dai ya ware yatsunsa biyar a fuskar ɗan'uwansa, watau ya yi masa daƙuwa. Duk ajin kuwa sun gane zagin uwa ne. Wannan ya sa muka zauna da yaran muka bi diddigin kalmar nan ishara, muka kuma ga ya kamata mu kawo muku abin da muka samu.

Ishara ita ce motsin da mutum yakan yi da hannu, ko kai, ko ido, domin ya ƙara wa maganarsa ƙarfi, ko kuwa ya tsaya a madadinta. Ku dubi mai ba da labarin kifin da ya kama, yadda yakan buɗe hannuwa ya nuna tsawonsa. Ku dubi mai kwatancen hanya, bakinsa yana cewa "can," hannunsa yana faɗin ko ina ne can ɗin.

Asalin kalmar daga Larabci ne. A can akan ce "ashara," watau ya nuna, ya yi nuni, sunan aikin kuwa shi ne "ishara." Ta shigo mana tare da ɗimbin kalmomin da malamai da fatake suka yi ta kawowa ƙasar Hausa tun wajen ƙarni na 14, irin su alama, da labari, da lokaci. Ba mu kaɗai muka are ta ba. Masu jin Suwahili a Afirka ta Gabas suna cewa ishara, haka kuma mutanen Indiya da Pakistan. Turkawa sukan ce "isharet." Larabawan yau ma da ita suke kiran fitilar ba da hannu ta kan titi.

Ga abin da ya fi ba mu sha'awa. Kalmomin Larabci galibi daga baƙaƙe uku suke tsirowa. Na ishara su ne sh, w, r, kuma daga su ne kalmar shawara ta fito. A Larabci, aikatau ɗin nan da ke nufin "ya nuna" shi ne kuma ke nufin "ya ba da shawara," idan aka sāke ɗan harafin da ke binsa. Ashe mai ba ka shawara hanya yake nuna maka. Ba mamaki da Bahaushe ya ƙara wa kalmar ma'ana, har in wani abu ya faru mai jan kunne sai a ce, "Wannan ishara ce gare mu."

Kada a ɗauka sai da muka ari kalmar muka fara aikin. Muna da namu sunaye tun kaka da kakanni. Daga nuna muka sami nuni, da manuni, yatsan da ake nunin da shi. Akwai yafuto na kira, da gyaɗa kai na yarda, da girgiza kai na ƙi. Yaro yakan maƙe kafaɗa in ba ya so. Akan yi wa sarki jinjina. Akwai kuma zunɗe, da harara, da daƙuwar da ta jawo wannan zance. Kurame a Kano ma suna da cikakken harshe nasu, wanda wata Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta bayyana cikin littafinta Maganar Hannu a shekarar 2000. Wannan ya wuce ishara kawai, harshe ne mai ƙa'idodinsa.

To, mu koma ga yaron nan. Da muka tambaye shi inda ya koyi daƙuwa, sai ya sunkuyar da kai ya ce a gida ake yi masa in ya yi laifi. Iyaye, a nan batun ya iso kanmu. Jariri yakan miƙa hannu ya nuna abin da yake so tun bai iya kiran sunansa ba, kuma yakan karanta fuskar uwarsa tun bai gane maganarta ba. An ce labarin zuciya a tambayi fuska. Idan bakinmu yana koya wa yaro ladabi, hannunmu kuwa yana zunɗen maƙwabta, wanne muke tsammani zai bi?

Saboda haka mu lura da hannuwanmu a gaban yara. Mu koya musu miƙa abu da hannun dama, da barin nuna babba da yatsa, mu kuma fara yi su gani. Kowace ishara da muka yi a tsakar gida shawara ce muke ba su, ko mun sani ko ba mu sani ba.