Jami'ar George Washington: Wasiyyar shugaba da karatun dare na ma'aikatan gwamnati

Lokacin da shugaban Amurka na farko, George Washington, ya rasu a 1799, ya bar wasiyyar cewa a yi amfani da hannun jarinsa guda 50 na Kamfanin Potomac wajen kafa jami'ar ƙasa a sabon babban birni. Burinsa shi ne matasan jihohi daban-daban su zauna a aji guda, ko a rage ɓangaranci. Majalisar dokoki ba ta aiwatar ba, kamfanin ya durƙushe, hannun jarin ya bi ruwa.

Sai wasu malaman cocin Baptist, ƙarƙashin jagorancin Luther Rice, suka tara kuɗi suka sayi fili. A ranar 9 ga Fabrairun 1821 Shugaba James Monroe ya sa hannu a dokar kafa Kwalejin Columbian, wadda ta hana a ware malami ko ɗalibi saboda addininsa. Ta haka jami'ar da aka yi wa fatan zama ta gwamnati ta fito a matsayin mai zaman kanta. Ba ta ɗauki sunan Washington ba sai a 1904.

Abin da ya fi ba ta kamanninta na yau shi ne maƙwabtaka. Tun 1912 take unguwar Foggy Bottom, tafiyar 'yan mintoci a ƙafa daga fadar White House. Ma'aikatar Harkokin Waje da Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya duk suna kewaye da ita. Shekara da shekaru, akawu da ƙananan ma'aikata kan tashi ofis da yamma su wuce aji. J. Edgar Hoover yana aiki a ɗakin karatu na majalisa da rana, yana karatun lauya da dare, har ya kammala a 1916, kafin daga bisani ya shugabanci hukumar FBI kusan shekara 48. Colin Powell kuma yana hafsan soja ya yi digiri na biyu a harkar kasuwanci a 1971. Asibitinta aka garzaya da Shugaba Ronald Reagan da aka harbe shi a 1981.

Sai dai ƙofar ba kowa aka buɗe wa ba. Dokar da ta kare bambancin addini ba ta ce komai kan launin fata ba, kuma jami'ar ba ta soke wariyar baƙaƙen fata wajen ɗaukar ɗalibai ba sai a 1954, bayan sauran jami'o'in birnin sun riga ta.

Yau shingen na kuɗi ne. A zamanin shugabanta Stephen Trachtenberg, daga 1988 zuwa 2007, an gina sababbin gine-gine, kuɗin makaranta ya hau har ta shiga sahun mafi tsada a Amurka. Martaba ta biyo baya: a 2023 aka karɓe ta cikin ƙungiyar manyan jami'o'in bincike ta AAU. Amma ƙaramin ma'aikaci irin Hoover na wancan lokaci, da wuya albashinsa kaɗai ya kai shi ajin dare a yanzu, sai da tallafin karatu ko bashi.