Wa Zai Rubuta Girkin Kakanninmu?

Wasu ɗalibai hotunan 'yan ƙwallo suke tarawa, wasu tsofaffin kuɗi. Akwai kuma irinmu, da ba mu da abin so kamar littafin girki. In muka ga shafin girke-girke a jarida sai mun yanke mun liƙa a tsohon littafin rubutu, in muka ji ana bayanin wata miya a rediyo sai mu rarumi biro. Ba kullum don mu dafa muke karantawa ba. Karatun kansa akwai daɗi, ga shi yana nuna maka yadda mutanen wata ƙasa ko wani zamani suka rayu.

Ɗabi'ar ta daɗe a duniya. A Jami'ar Yel ta Amurka akwai wasu allunan yumɓu daga tsohuwar Babila, ƙasar Iraki ta yau, da aka rubuta wajen shekara 1750 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ɗaya daga ciki yana ɗauke da girki 25, mafi yawa farfesun nama ne. Me suke zubawa a tukunyar? Albasa da tafarnuwa, irin waɗanda manoman Taloka da Goronyo da Wurno ke cika buhuna da su duk rani a fadamar gulbin Rima. A Bagadaza kuma, cikin ƙarni na 10, wani marubuci mai suna Ibn Sayyar al-Warraƙ ya tara girki fiye da 600 a littafinsa Kitabut Ɗabikh, har da abincin fadar halifofi. Shi ya sa har yau ana iya dafa abin da aka ci a Bagadaza shekara dubu da suka wuce.

To, mu fa? Duk wanda ya tara littattafan girki zai lura da wani giɓi. Za ka sami kek, da cincin, da shinkafa dafa-duka iri-iri. Amma ina hoce na garin dawa? Ina miyar sure da tuwon maiwa? Ina yadda ake daddawar batso daga 'ya'yan sure, kwana nawa ake rufe ta, da wane ƙamshi ake gane ta nuna? Wannan ilimi yana hannun Inna da Kaka, kuma dunƙulen ɗanɗano na kanti ya riga ya kori daddawa daga tukwane da yawa. Ran da tsohuwar da ta iya ta kwanta dama, girkin ya bi ta.

Rubuta shi kuwa ba wasa ba ne, a nan ne ma daɗin aikin yake. Tambayi Kaka yawan kanwar da za a sa a ɗanwake, za ta ce, “'Yar kaɗan, yaro.” Tambaye ta minti nawa, ta ce, “Har sai ya taso.” Hannunta ya san awo, takarda ba ta sani ba. Allunan Babila ma haka suke, kusan babu awo a cikinsu, sai masana na yau su yi ta gwaji suna lalube. A Amurka sai da wata malamar girki, Fannie Farmer, ta fitar da littafinta a 1896 sannan awo da cokali da kofi a shafe ya zama ruwan dare. Mu ba sai mun nemi ma'aunin Turawa ba. Muna da gwangwanin madara, da ludayi, da tiya. In Kaka ta ɗebo gari da hannu, roƙe ta cikin ladabi ta zuba a gwangwani kafin ya shiga tukunya, ka rubuta abin da ka gani. Za ta yi maka dariya, watakila har da tsiya irin ta kaka da jika. Ka jure.

A kula da suna. Abin da Basakkwace ke kira guro, shi Bakano ke kira kuɓewa. Sure shi ne yakuwa, tonka barkono, tugande tattasai. A rubuta na gida tukuna, sannan a sa ɗayan a gefe, don ɗalibar Zariya ta iya dafawa ba tare da kalmar Taloka ta ɓace ba.

Samari kada su ce aikin 'yan mata ne. Yajin tsire da haɗin kilishi a hannun maza suke, kodayake mahauci ba ya saurin sakin sirrinsa, sai an yi ta zarya.

In an gama rubuta girki ɗaya, akwai gwajin da ba ya ƙarya: a miƙa takardar ga wata 'yar ajinku daga wani gida, ta dafa ba tare da ta tambayi kowa ba, a kai wa Kaka ta ɗanɗana. In ta yamutsa fuska, akwai abin da aka tsallake. Galibi wuta ce, don ba kasafai ake tuna a rubuta ko ta kara ce mai ci bal-bal ko garwashi ne ba.