Cinikin Duwatsu A Ojoo: Abin Da Mai Saye Ke Dubawa

A unguwar Ojoo ta birnin Ibadan akwai wata kasuwa wadda ba a ganin tulin kaya a cikinta. Mutum zai zaro ɗan ƙulli daga aljihu, ya kwance a kan farar takarda, a haska da tocila, a aza bisa ma'auni, nan take a yi cinikin da ya fi kuɗin sa. Kasuwar duwatsu masu daraja ke nan, inda 'yan Arewa ke gogayya da fatake daga Mali da Senegal da Gini.

Galibin duwatsun kuwa na ƙasar nan ne. Shuɗin yakutu, wanda mahaƙa ke kira safaya, daga tsaunin Mambila da ƙasar Jama'a yake fitowa, zumurrudu daga wajen Gwantu da Nasarawa Eggon, tomalin kuma a nan Jihar Oyo ake tono shi. Amma abin takaici, wanda ya shiga rami shi ne ke tashi da ƙaramin rabo, domin sau da yawa bai san abin da ke hannunsa ba.

Launi ake fara dubawa. Safayar da ta yi duhu har ta koma kamar baƙa ba ta da kuɗi, komai girmanta. Sai tsabta, wato ko akwai tsaga ko datti a ciki, saboda wurin yanka sai an zubar da duk inda ya tsage, har ya kan zama fiye da rabin dutsen ya tafi. Sa'an nan nauyi. Mahaƙi da giram yake sayarwa, alhali a Bankok ta ƙasar Tailan, inda ake kai da yawa a gasa su a wuta don launi ya fito, da karat ake ciniki. Karat 5 ne giram 1. Kada a haɗa shi da karat na zinariya, wanda ke nuna yawan zinariyar da ke cikin abu: mai karat 18 shi ne ake buga wa lamba 750.

Sai maganar jabu, wadda ta shafi har mai haɗa kayan lefe. Fasasshiyar kwalba ba ta da wuyar ganewa, don a ma'aunin taurin duwatsu safaya tana 9, gilashi bai kai 6 ba, kuma a madubin ƙara girma a kan ga 'yan kumfa a cikinsa. Wanda ke cin jarin mutane shi ne yakutun masana'anta, wanda wani Bafaranshe mai suna Verneuil ya bayyana hanyar yinsa a 1902. Taurinsa ɗaya da na ƙasa, launinsa ma ya kan fi kyau. 'Yan damfara su kan farfasa shi, su shafe da jar ƙasa, su kai har bakin rami su sayar. Gwajin karce ba ya tona asirinsa, sai an kai ɗakin bincike an duba cikinsa da na'ura.