Hanyoyin Ko-ta-kwana Biyar, Babu Wadda Ta Yi Rana: Daren Da GitLab Ya Goge Rumbun Bayanansa

Da daren Talata, 31 ga Janairun 2017, wani injiniya a kamfanin GitLab yana ta fama da wata matsala tun da yamma. GitLab dandali ne da masu ƙirƙirar manhajoji daga ko'ina a duniya suke ajiye ayyukansu. Kamfanin yana da sabar biyu, wato manyan kwamfutocin da ke riƙe da rumbun bayanansa: babba wadda jama'a ke amfani da ita, da mataimakiya wadda ke kwafar duk abin da ya shiga babbar. A wannan dare masu turo saƙonnin banza sun yi wa babbar lodi, har mataimakiyar ta kasa cim mata.

Injiniyan ya yanke shawarar share mataimakiyar ƙaƙaf, ya sake kwafo mata komai daga farko. Ya rubuta umarnin gogewa, ya danna. Bayan daƙiƙa ɗaya ko biyu ya lura cewa a kan babbar yake, ba mataimakiyar ba. Ya tsayar da umarnin, amma aikin gama ya gama. Cikin kusan gigabait 300 na bayanai, abin da ya rage bai wuce gigabait 4.5 ba.

Kuskure irin wannan yana iya samun kowa, musamman wanda ya gaji. Abin da ya sa har yau ake ba da wannan labari shi ne abin da ya biyo baya, lokacin da aka je ɗauko kwafin ko-ta-kwana, wanda aka fi sani da bakof.

Rumbu cike a takarda, wayam a zahiri

A rubuce, GitLab yana da hanyoyi biyar na kare bayanansa. Da aka bi su ɗaya bayan ɗaya, kamfanin da kansa ya amsa cewa babu wadda ke aiki yadda ya kamata, wasu ma ba a taɓa kunna su ba.

An tsara wata manhaja mai suna pg_dump ta riƙa kwafe rumbun kullum tana kaiwa ma'ajiyar S3 ta kamfanin Amazon. Da aka leƙa ma'ajiyar, babu komai a ciki. Dalili kuwa, rumbun yana tafiya a kan PostgreSQL samfurin 9.6, ita kuma manhajar kwafin ta samfurin 9.2 ce, don haka duk ranar da ta tashi aiki sai ta faɗi. Tana aika imel na gargaɗi, amma imel ɗin ba ya cika wata ƙa'idar tantance saƙo, sai akwatin da ake aikawa ya ƙi karɓa. Babu wanda ya taɓa ganin gargaɗin.

Akwai kuma tsarin ɗaukar hoton faifai na Azure, dandalin Microsoft da sabar ɗin ke zaune a kai. An kunna shi ga wasu sabar, amma ban da masu riƙe da rumbun bayanai. Mataimakiyar sabar kuwa, an riga an share ta tun kafin hatsarin.

Abin da ya ceci kamfanin sa'a ce. Kimanin awa shida kafin gogewar, injiniyan ya ɗauki wani kwafi da hannunsa don wani gwaji daban. Da shi aka dawo da dandalin. Kwafo shi kaɗai ya ci kusan awa 18 saboda faifan da yake kai ba shi da sauri, kuma kamfanin ya nuna aikin kai tsaye a YouTube jama'a na kallo. Duk da haka, bayanan awa shida sun tafi har abada: ayyuka kusan 5,000, sharhi kusan 5,000, da sababbin asusu kusan 700. A rahoton da ya fitar bayan haka, kamfanin ya ce tushen matsalar shi ne babu wani mutum ɗaya da aka ɗora wa alhakin gwada kwafin.

Madubi ba ajiya ba ne

Darasi na farko ya shafi duk wanda ke kula da sabar, ko ta kanti ce, ko ta makaranta, ko ta asibiti. Mataimakiyar sabar, ko tsarin RAID da ke rubuta abu ɗaya a faifai biyu, madubi ne. Idan faifai ɗaya ya mutu, ɗayan zai ci gaba da aiki. Amma idan aka goge abu bisa kuskure, ko ɓarayin intanet suka kulle fayiloli, madubin zai kwafi ɓarnar nan take.

Na biyu, ba a kwafar fayilolin rumbun bayanai kai tsaye alhali yana aiki. Rumbun yana rubutu a wurare da yawa lokaci guda, sai a tashi da kwafin da rabinsa na yanzu ne, rabinsa na ɗazu, ya ƙi buɗuwa. Shi ya sa aka tanadi pg_dump ga PostgreSQL, da mysqldump ga MySQL.

Na uku shi ne wurin ajiya. A ranar 10 ga Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin cibiyoyin bayanai na kamfanin OVH a birnin Strasbourg na ƙasar Faransa. Waɗanda kwafinsu ke cikin wannan gini sun rasa asali da kwafi tare. Masu wannan sana'a suna da ƙa'idar da suke kira 3-2-1: kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya kuma a wani wuri mai nisa.

Idan faifai ya fara ciwo

Ba kullum hannun mutum ke jawo asara ba, faifan ajiya ma yana tsufa. Alamominsa su ne sabar ta riƙa nauyi ba dalili, fayil ya ƙi buɗuwa, ko kuma Linux ta kulle faifan ta hana rubutu a kansa don ta kare abin da ya rage. A nan tsarin matakai yana da muhimmanci, domin gaggawar gyara ta kan ƙarasa faifan da ke da sauran numfashi.

Da farko a tabbatar ciwon na faifai ne. Umarnin df -h yana nuna ko wuri ne ya cika, domin rumbun bayanai ya kan tsaya cak idan babu inda zai rubuta. Umarnin dmesg kuma yana nuna ƙorafin da na'urar ke yi. Idan ana ganin I/O error yana maimaituwa, lamarin ya wuce cikar wuri.

Daga nan sai a tambayi faifan da kansa. Faifai na zamani yana da tsarin lura da lafiyarsa mai suna SMART, ana karanta shi da manhajar smartctl. Lamba ta 5 tana ƙirga gurabun da suka lalace aka maye su da wasu. Lamba ta 197 tana ƙirga waɗanda aka kasa karantawa, ana jiran a ga makomarsu. Idan waɗannan suna hawa, a nemi sabon faifai. Idan kuwa lamba ta 199 ce kaɗai ke hawa, sau da yawa wayar da ta haɗa faifan ce ta saki ko ta lalace.

Idan ya tabbata faifan na mutuwa, a tsayar da rumbun bayanan, a daina rubuta komai, a kwashe abin da ke ciki zuwa wani faifan. Manhajar ddrescue an yi ta ne don haka: tana fara kwashe wuraren da ke da lafiya, sannan ta dawo kan masu wahala. Sai bayan an samu kwafi ake gudanar da fsck mai gyara tsarin fayiloli, kuma ba a yin sa a kan faifan da ke cikin aiki.

Sai dai kada shirun SMART ya ruɗi kowa. Wani bincike da injiniyoyin Google suka wallafa a 2007, bayan nazarin faifai sama da 100,000, ya gano cewa fiye da kashi 36 cikin ɗari na waɗanda suka mutu ba su nuna wata alama ba kafin mutuwarsu. A inda ake yawan ɗauke wuta, akwai ƙarin haɗari: yankewar wuta a tsakiyar rubutu tana iya ɓata fayil ko da faifan lafiyarsa ƙalau. Sabar da ba ta da UPS ko imbata tana zaune ne a bakin rami.

Rumbun da ke cikin aljihu

Mai karatu zai iya cewa shi ba shi da sabar. Amma duk hirar da ke cikin WhatsApp ɗinsa tana zaune ne a wani ƙaramin rumbun bayanai a cikin wayar, kuma cutar da ta kama GitLab tana iya kama shi. Yanzu kwafin WhatsApp na wayoyin Android yana cin gigabait 15 ɗin da Google ke bayarwa kyauta, tare da hotuna da saƙonnin Gmail. Idan wurin ya cika, kwafin sai ya tsaya, mai wayar kuma ba lallai ya lura ba sai ranar da aka sace ta ko ta faɗa ruwa.

Dubawar ba ta ɗaukar minti ɗaya. A shiga Settings, sai Chats, sai Chat backup, a ga ranar da aka yi kwafi na ƙarshe da girmansa. A tabbatar an san adireshin Gmail ɗin da kalmar sirrinsa, domin ba a dawo da hira sai da wannan asusu da wannan lambar waya. Wanda ya sa wa kwafinsa kalmar sirri ta musamman ya rubuta ta ya adana, don idan ta ɓata WhatsApp ma ba zai iya buɗe masa ba.

Mai sabar kuwa, nasa aikin shi ne ya ware rana ɗaya a wata, ya ɗauko kwafin jiya, ya zuba shi a wata kwamfuta daban, ya buɗe ya ga ko cinikin jiya na ciki, ya kuma auna tsawon lokacin da aikin ya ɗauka. A rubuta sunan wanda wannan aiki ke wuyansa. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Da wani a GitLab ya taɓa leƙa ma'ajiyar S3 ko sau ɗaya kafin wannan Talatar, da ya ga babu komai a ciki tun asali yana nan lafiya.